Shi Shaiɗan Wa Ya Ruɗe Shi?

Litinin, 4 ga Nuwamba, 6:40 na safe

Tabitha ce ta ajiye mini littafin nan a kan tebur, ta ce tunda na daina magana a gida sai in riƙa rubutawa. Na ce mata lafiyata ƙalau. Ta ce shekara goma sha tara muna tare, ba sai na gaya mata yadda lafiyata take ba.

Ga abin da ya faru. Jiya da muka fito daga sujada, Malam Isah, shugabanmu na malaman gona, ya kira ni a waya. Ya ce an yi rasuwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake kula da su a wajen Aujara, a gidan Malam Abdulkahar. Mahaifiyarsa ce, Iya Adama, ranar Asabar da safe. 'Yarsa Ummi, wadda ke kwana ɗaki ɗaya da tsohuwar, an kawo ta asibiti nan Dutse tana ta amai. Likita ya ce ƙwayar maganin ƙwari ce, wadda ake sa wa a buhun wake. Ba haɗiya suka yi ba, shaƙa suka yi.

Malam Isah ya ce, "Yankinka ne, Malam Monday. Ka tattaro takardun bitar da ka yi musu."

Babur yana son a canja masa baƙin mai.

Talata, 5 ga Nuwamba, 4:15 na yamma

Takardu sun cika. Na yi bitar ajiyar wake ranar 17 ga Oktoba a ƙofar gidan mai unguwa. Mutum talatin da ɗaya, kowa da sa hannunsa ko dangwalensa. Malam Abdulkahar shi ne na shida. Magana ta huɗu a takardata ita ce: kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin da ake kwana. Na faɗa da ƙarfi, sau biyu. Duk wanda yake wurin ya ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 7:30 na yamma

Ajin baftisma. Bana ni Fasto Desmond ya ba wa, manya ne su tara, za a yi musu baftisma kafin Kirsimeti. Darasin yau: daga ina Shaiɗan ya fito. Na koya musu yadda aka koya mini a gida ina yaro. Allah bai halicci Shaiɗan a Shaiɗan ba. Mala'ika ne, cikin manya, mai kyau da hikima. Girman kai ya shige shi, ya so ya yi daidai da wanda ya yi shi, aka jefo shi ƙasa tare da waɗanda suka bi shi. Daga nan ya ruɗi mutum na fari da matarsa, har yau kuma bai daina ba.

Kowa yana gyaɗa kai sai Hindatu, tela ce a Yalwawa, ta ɗaga hannu.

"Malam, in shi ne yake ruɗin mutane, to shi wa ya ruɗe shi? Ai a lokacin babu wani Shaiɗan."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na ce ta bari sai mako mai zuwa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 1:00 na rana

Ummi ta fara shan kunu, in ji wata nas 'yar cocinmu. A bakin ƙofar asibitin na tsaya, ban shiga ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 5:20 na yamma

Mun je gaisuwa ni da Malam Isah. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malam Abdulkahar ya rame, amma ya miƙo mini hannu kamar yadda ya miƙa wa kowa. Na ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Ya ce, "Da godiya. Kwana ne ya ƙare, Malam Monday. Haka Allah ya ƙaddara."

An fitar da buhunan bayan gari. Ɗakin yana nan jikin zaure, an bar shi a buɗe, har yanzu yana ɗan warin nan mai kama da tafarnuwa. Ban kalli wajen ba. Na san inda yake.

Iya Adama ba ta taɓa riƙe sunana ba, Malamin Wake take ce mini. Bara ta ba ni daddawa a ƙunshi, ta ce in kai wa maiɗakina.

A hanya Malam Isah ya tambaye ni ko na sake zuwa ƙauyen bayan bita. Na ce na bi ta nan ranar Laraba ta ƙarshen wata. Ya ce, "Ya tambaye ka wani abu?" Na ce ya tambaye ni ƙwaya nawa ake sa wa, na ce biyu a buhu, a naɗe a takarda. Ya ce, "Ai daidai ne."

Adadin daidai ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Tabitha ta gaya wa Fasto cewa za a yi bincike a ofis. Bayan wa'azi ya kira ni gaba, ya ce in durƙusa. Ya dafa kaina ya ce, "Jama'ar Allah, wannan ba aikin mutum ba ne. Magabci ne ya ɗana wa bawan Allah tarko, yana so ya ɓata masa suna, ya raba shi da aikinsa. Amma ya makara!" Coci duka ya amsa da Amin. Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, suka ta da waƙa.

Dole in rubuta gaskiya: na ji daɗi. Na tashi jikina wasai, na ci abincin rana har na nemi ƙari. Abin ya kai ni wajen la'asar kafin ya sake ni.

Na gaya wa Fasto tambayar Hindatu. Ya ce, "Dattijo, ba kowace tambaya ake bi ba. Ka ce musu yana nan, yana yawo, a tsaya masa da addu'a. Wannan ya ishi mai shirin baftisma."

Talata, 12 ga Nuwamba, 11:10 na safe

Malam Isah ya nuna mini rahoton da ya rubuta. Manomi ya halarci bita, an yi gargaɗi a wajen bita, ga sa hannunsa. Ƙwayar kuwa a kasuwa ya saya, ba daga hannunmu ba. Saura in sa hannu kafin kwamitin bincike ya zauna ranar 25. Na karanta sau uku, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce bari in tafi da shi gida in duba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 7:45 na yamma

Kwana uku ina bin Nassi don in sami amsar Hindatu. Abin bai kwanta yadda na ɗauka ba. Wuraren da muke karantawa a kan faɗuwarsa, in ka duba daga sama, annabawa da sarakunan duniya suke magana, waɗanda suka ɗaga kai. Malamai da yawa sun ce hoton Shaiɗan ne a bayan sarakunan, wasu sun ce sarakunan ne kawai. A labarin gonar da mutum na fari ya zauna kuma maciji aka ce, sai can ƙarshen Littafi aka haɗa shi da sunan. A wani wurin ma ga shi yana shiga gaban Allah yana kai ƙarar mutum, ba ya iya taɓa komai sai an ba shi izini.

Na faɗa musu duka. Wani direba a ajin ya ce shi a ganinsa iko biyu ne tun fil azal, na haske da na duhu, suna ta kokawa. Na ce a'a, ikilisiya ba ta taɓa yarda da haka ba, Mahalicci ɗaya ne, Shaiɗan halitta ne.

Hindatu ta ce, "To Allah ne ya yi mugunta ke nan?"

Na ce, "A'a. Duk abin da ya yi mai kyau ne."

"To daga ina ta shigo, Malam? Ai har yanzu ba ka amsa ba."

Mai kula da coci ya zo zai kulle ƙofa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 6:30 na yamma

An sallami Ummi. Tabitha ta dafa wake da shinkafa. Ban ci ba, na ce cikina ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Na je Limawa wajen Baba Ɗan'inna. Tsohon mai bishara ne, Bahaushe, ya yi shekara arba'in yana wa'azi a ƙauyuka kafin ido ya gagare shi. Na same shi a inuwa yana ɓare gyaɗa da lalube. Na gaya masa tambayar.

Ya ce, "Matar nan tana da kai. Babu wanda ya ruɗe shi, ɗana. Abin tsoron ke nan. Ba yunwa yake ji ba, ba a cuce shi ba, ba kowa a kunnensa. An ba shi ikon ya so Allah ko ya juya, sai ya juya ya kalli kansa."

Na ce, "To, Baba, muguntar fa? Wa ya yi ta?"

"Ba a yi ta ba. Ba abu ba ce kamar dutse ko akuya da za a ce ga ranar da aka halitta ta. Magabatanmu a bangaskiya cewa suka yi, wurin da ya kamata a sami alheri ne aka duba babu. Akwai masu ganin wannan ya yi mata sauƙi, ni ma wata rana haka nake gani. Amma ban sami wadda ta fi ta ba."

Na ce, "Ashe mutum zai iya yin mugunta bai yi komai ba?"

Ya ce, "Yawancin wadda na yi a rayuwata haka na yi ta."

Ya ce kada in je in ce wa aji Shaiɗan ba ya nan. Yana nan, yana kuma aiki. Amma shi a wa'azinsa ya gaji da mutanen da suke zuwa su ce Shaiɗan ne, alhali in ka bi maganar a hankali sai ka tarar ko zuwa bai yi ba, an riga shi.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Tambayar telar ce ta kawo ka, ko taka?" Na ce rana ta yi, Tabitha tana jira.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 1:15 na rana

Jibin Ubangiji, ranar da ake raba wa masu bi gurasa da ruwan inabi a coci. Da farantin gurasar ya iso kaina na miƙa wa na gefena. Tabitha ta gani daga sahun mata.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Abin da ban rubuta ba game da bitar 17 ga Oktoba. Ina cikin magana ta biyu Malam Abdulkahar ya miƙe ya ce, "Malam, waken nan tun kakanninmu ake ajiye shi da toka da barkono. Kai da ka zo daga kan duwatsu, ka taɓa noma ko kwano guda?" Mutane suka fashe da dariya, har mai unguwa. Shekara goma sha huɗu ina bin ƙauyukan nan a kan babur, rani da damina. Malam Abdulkahar ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Bai kai magana ta huɗu ba. Sa hannun tun farkon zama aka yi.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 7:40 na yamma

Na gaya wa aji amsar Baba Ɗan'inna: babu wanda ya ruɗe shi. Hindatu ta ce, "To mu ma ke nan ba kullum sai ya zo ba." Na ce haka ne. Ba wanda ya yi dariya. Na sallame su da wuri.

Ga abin da ya faru ranar Laraba, 30 ga Oktoba. Na bi ta ƙofar gidan Malam Abdulkahar zan wuce, ya fito ya tsayar da ni. Ya duba hagu da dama kada wani ya gani, ya zaro gwangwanin ƙwaya daga aljihu. Ya ce ƙwari sun fara cin waken, nawa ake sa wa. Na ce biyu a buhu, a naɗe a takarda. Ko kashe babur ban yi ba.

Ta bayan kafaɗarsa ina hango ɗakin jikin zaure. Buhu shida a jingine da bango. Tabarma, gidan sauro a rataye, buta a bakin ƙofa.

Maganar ta zo mini har baki. Sai na ce a raina, ai kakanninsa sun sani, bari ya tambaya. Na jira. Bai tambaya ba. Ya ce na gode, na ja babur.

Na sha gaya wa kaina cewa ciwon kai kawai na zata, su fitar da buhunan, ya zo ya same ni. Amma ni nake koyar da abin da ƙwayar nan take yi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 9:20 na safe

Na gaya wa Tabitha tana hura gawayi, kafin Nanret, 'yarmu, ta tashi shirin makaranta. Ta ajiye mafici ta zauna a kan turmi.

"Wa ya sani?"

"Babu."

"To, Baban Nanret, mu baƙi ne a garin nan. Ka san yadda magana take juyawa in ta fita. Yarinyar nan bana za ta zana jarabawa. Takardar ofis ba ƙarya ba ce, kai ka faɗa. Fasto ma ya ce Magabci ne."

Na ce ban ji muryar kowa a kan babur ɗin ba sai tawa.

Ta yi kuka ba sauti. Ta tashi ta ɗora ruwa, ta gama koko, ta sallami Nanret. Da zan fita ta ce, "Daddawar nan na yi wata biyu ina miya da ita." Sannan ta ce in har zan je, kada in je ni kaɗai.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Na mayar wa Malam Isah rahoton ba sa hannu, tare da shafi ɗaya da na rubuta. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam Monday, ba wanda ya tambaye ka abin da ka hango."

Na ce na sani.

"Ka san abin da zai biyo baya? In na haɗa wannan, ba zan iya cire shi ba."

Na ce ya haɗa.

Ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Kafin kwamiti su ji, mai uwar ya kamata ya fara ji. Gobe zan kai ka a motata. Ni zan zauna kusa da ƙofa."

Asabar, 23 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Mun sami Malam Abdulkahar a zaure yana gyaran igiyar akuya. Bayan gaisuwa na ce ina da magana. Na faɗa masa duka, tun daga dariyar ranar bita har buhu shida da gidan sauro. Ban ce Shaiɗan ba. Ban ce mantuwa ba.

Bai ɗago ba. Yana ta murza igiyar a cinyarsa har na fara jin kukan kaji a cikin gida. Ummi ta leƙo da kwanon ruwa, ya ce ta koma.

Ya ce, "Ka ga ɗakin."

Na ce na gani.

"Ka san tsohuwa a nan take kwana."

Na ce na ga buta.

Malam Isah ya gyara zama. Malam Abdulkahar ya ajiye igiyar.

"Ranar nan da ka tsaya, na so in tambaye ka ko a ɗaki za a iya barinsu. Wallahi maganar tana bakina. Sai na ga na riga na tambaye ka abu ɗaya, bayan abin da na faɗa maka a gaban mutane. Na ce ba zan tambaye ka biyu ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ajali gaskiya ne, ban yi shakka ba. Amma kwana ashirin da ɗaya ban yi barci ba, kuma ba ajali ne ya hana ni ba."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Kada ka matsa mini." Sannan ya ce, "Gida nawa ne a garin nan suka sayi ƙwayar nan?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Kai malamin gona ne ba ka sani ba? Ka dawo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci."

Bai ba ni hannu ba da za mu tafi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 1:40 na rana

Na gaya wa Fasto Desmond a ofishinsa. Ya ce, "Dattijo, da ka gaya mini tun farko, da wata addu'ar muka yi." Ya ce shi zai ƙarasa ajin baftisma, dattawan coci kuma za su zauna a kaina. Na ce daidai ne. Muka durƙusa mu biyu, wannan karon ba da ƙarfi ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, 3:00 na rana

An dakatar da ni wata uku, sauran hukunci sai an gama duba takardu. Na miƙa makullin babur.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, 6:10 na yamma

Na shiga motar haya zuwa Aujara, na ƙarasa a acaɓa. Tabitha ta raka ni tasha, ba ta koma ba sai da motar ta tashi.

Da aka sauko daga masallaci Malam Abdulkahar ya tsayar da mutane. Ya ce, "Ga Malamin Wake. Akwai maganar da ya ƙi gaya mini, ni kuma na ƙi tambayarsa. Yau zai faɗa, ku kuma za ku ji." Na faɗa sau biyu. Wani ya yi tsaki, wani tsoho ya ce a bar shi ya gama.

Daga nan muka bi gida-gida, shi a gaba yana sallama, ni a baya. Gida goma sha ɗaya. Huɗu a ciki buhunan suna ɗakin kwana, ɗaya har da mai jego da jaririnta. A gidan mai jegon ba a riga an sa ƙwayar ba, gwangwanin yana kan taga, mai gidan ya ce gobe ya yi niyya. Muka fitar da buhunan. Buhu ba ya ɗaukuwa da mutum ɗaya, sai ya kama kai na kama gindi.

Bai yi mini magana ba duk yinin, ban da "ɗaga" da "sauke." Da muka gama ya tsaya a bakin hanya har ɗan acaɓa ya zo. Ya ce, "Saura unguwar gabas. Talata."

Na ce to.